Neman Man Ƙwaƙwalwa a Damagaram

Sallama gare ku, ƙawayena na makaranta da na unguwa. Tun da muka dawo daga Damagaram ban huta ba. Wannan ta tare ni a bakin rijiya, waccan ta kira ni a waya ina tsakiyar tuƙa tuwo, kuma duk tambayar ɗaya ce: yaya garin yake, da gaske ne kuma akwai madarar da ke sa wa yaro ƙwaƙwalwa? Labarin kullum ƙara tsawo yake yi a bakin mutane, har na ji an ce a jirgin sama muka je. Shi ya sa na sayi littafin rubutu na zauna in faɗe shi sau ɗaya, kowa ta karanta ta miƙa wa ta kusa da ita.

Ga waɗanda ba su san farkon abin ba: bayan na haihu na yi ciwo mai tsanani, na yi makonni a kwance a asibiti a Kano. Kafin in dawo nono ya ɗauke. Aka yi jiƙe-jiƙe, aka yi kunun kanwa, shiru. Dole aka koma madarar gwangwani.

Yaron ɗan fari ne, kun kuma san abin da wannan yake nufi a gidajenmu. Ba na kiran sunansa, ba na ɗaukarsa a gaban manya, ko kallonsa sai dai in saci ido. Surukata, wadda kowa ke kira Inna, ita ta karɓe shi. Ita ke goyo, ita ke haɗa madara a ɗakinta, ita ke ba shi. Sunan marigayi mijinta aka sa masa, don haka ita ma ba ta faɗin sunan. Malam Ƙarami take ce masa.

Yana wata huɗu muka kai shi awo a ƙaramin asibitin garinmu. Ma'aikaciyar ta rataye shi a sikeli, ta dubi allura, ta dubi katinsa, ta ɓata fuska. Layin da ya kamata ya riƙa hawa a katin ya kwanta, wata biyu ke nan bai motsa ba.

“Kuna ba shi madarar kuwa, Inna?”

“Safe da rana da dare,” in ji Inna. “Sha yake kamar raƙumi, kuka yake kamar an aiko shi.”

Mata sun yi layi har waje. Ma'aikaciyar ta ce mu dawo wata mai zuwa, in layin bai ɗaga ba za ta tura mu babban asibiti a kwantar da shi. Ni ina can gefe ina wasa da bakin mayafina kamar ɗan maƙwabta ake magana. Amma na ga hannunsa da aka ɗaga shi. Siriri ne kamar karan dawar da bai samu ruwa ba.

Da yamma maƙwabciyarmu Hajiya Tabawa, mai kai atamfa Nijar, ta shigo ta ji labari.

“Ai ba laifinku ba ne,” ta ce. “Madarar nan tamu gari ne kawai. Ta Nijar ita ce ta Faransa. Akwai wani mai a cikinta, man kifin teku, shi ke gina jiki da ido da ƙwaƙwalwa. 'Ya'yan Turawa shi suke sha, shi ya sa suke ƙera jirgi.”

Kun san ni da karatun littattafan soyayya. Hajiya ba ta rufe baki ba na riga na yi nisa. Na ga yaron ya zama dogon saurayi, likitan ƙwaƙwalwa, ya fito daga farar mota a ƙofar gidanmu, ƙamshin turarensa ya rigaye shi shiga zaure. Na ga ya durƙusa a gabana yana cewa, “Umma, duk albarkacin tafiyar nan da kika yi ne.” Har hawaye ya taru mini. Abin da ya dawo da ni shi ne ƙaurin miyata.

Inna kuwa tana da ƙanwa a Damagaram da suka shekara tara ba su haɗu ba. Ta ce ba ta yarda da aike ba, da ƙafarta za ta je, ni kuma in bi ta in riƙe kaya.

Maigidana yana can bakin dam ɗin Watari yana cirar albasa, ba halin ya bar gona. Ya dai zo ya raka mu tashar Kunci. A littattafai, idan mace za ta ƙetare ƙasa, mijinta yakan tsaya ya zuba mata ido har sai ta sunkuyar da kai, ya ce zuciyarsa ta bi ta. Na gyara sabon mayafina na tsaya inda zai gan ni sosai. Ya matso kusa da taga, ya rage murya, zuciyata ta buga. Ya ce, “Ki kula da ƙullin daddawar nan, kada a danne ta.”

Daddawar tsaraba ce ta ƙanwar Inna, kuma a cinyata ta yi tafiyar. Na so zama a bakin taga iska tana kaɗa mini mayafi, sai aka cusa ni a tsakiya. Hagu Inna da goyo a cinya, dama wani tsoho da kwandon zabi zai kai Daura. Turaren da na fesa bai kai Kazaure ba daddawa ta cinye shi.

Yaron ya fara kuka, Inna ta zaro fida ta sa masa a baki. Tsohon ya tambaya ina uwarsa, Inna ta nuna ni da haɓa ba ta dube ni ba, ta kwashe labarin man kifi ta ba shi tun daga farko.

“Kai, zamani!” in ji tsohon. “Mu da man shanu aka yi mana ɗure, Hajiya. Ga mu nan, me ya same mu?”

Inna ta dube shi sama da ƙasa. “Shi ya sa ka tsufa da zabi a cinya. Nawa jirgi zai tuƙa.”

Duk motar aka kwashe da dariya, har da shi. Kafin mu rabu a Daura ya ba ta ƙwan zabi uku, ya ce in jikan ya fara tuƙa jirgin a tuna da shi a kujerar gaba.

A Daura muka sha fura, muka canja mota zuwa iyaka. Na zaci zan ga wata babbar ƙofa mai ado, da furanni da sojoji a jere. Abin da na tarar a Kwangwalam dogon ƙarfe ne a gicciye, da inuwar darbejiya, da masu sayar da rake. Gonakin can da na nan duk ɗaya ne, har akuyoyin ban ga alamar sun san sun shiga wata ƙasa ba.

A ɓangaren Nijar aka ce kowa ya sauko a rubuta sunansa. Wani jandarma, wato ɗan sandansu, yana zaune da ƙaton littafi. Ya rubuta Inna, ya rubuta ni, sannan ya nuna goyon da biro.

“Shi kuma wa sunansa?”

“Malam Ƙarami,” in ji Inna.

“Sunan yanka nake so, Iya.”

Inna ta dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Katin awon da ke ɗauke da sunan yana cikin jakar da aka ɗaure a saman mota, ƙarƙashin buhunan masara.

“Ke ce uwar?” Na ƙara sunkuyar da kai. “Ke ce kakar?” Inna ta ce ita ce. Ya ajiye biro. “To ɗan wa kuka ɗauko da ba ku san sunansa ba?”

Nan na fara ganin kaina a tsare a bayan kanta a ƙasar da ban san kowa ba. Allah Ya taimake mu da wata mata mai sayar da tabarmi a cikin fasinjoji. Ta ce, “Haba ranka ya daɗe, kamar ba Bahaushe ba? Ɗan fari ne, kuma ga alama sunan mijin tsohuwar ne.”

Jandarman ya dafe goshi ya yi dariya. “To Iya, ki taimake ni ko da hanya.”

“Sunan annabi ne,” in ji Inna.

“Musa?” Ta girgiza kai. “Isa? Ibrahim?” Ta girgiza kai. Sai fasinjoji suka shigo ciki, don kowa yana so a tafi. Wannan ya ce Yusufu, wancan ya ce Dauda, direba daga nesa yana ihun Sulaimanu. Wani malami ya ce a yi shiru a bi su a jere yadda aka koya a makaranta. Ya soma tun daga Annabi Adamu yana lissafawa da yatsa, Inna tana tsaye ƙiƙam. Da ya iso kan wanda ya daɗe a cikin kifi, sai ta ja mayafi ta rufe fuska kamar amarya. Jama'a suka ɗauka baki ɗaya, “Shi ne!” Haka aka rubuta ɗana a littafin wata ƙasa, ba tare da ni ko kakarsa mun buɗe baki ba.

Muka wuce Matamai, rana tana dukan mota, muka shiga Damagaram bayan la'asar. Gari ne mai manyan duwatsu, wasu a kan wasu kamar an ɗora su da hannu. Gidan ƙanwar Inna, Hajiya Mariyama, yana cikin tsohon gari, ta wasu lunguna da na tabbata ni kaɗai ba zan iya fita ba. 'Yan'uwan suka rungume juna suka yi kuka mai isarsu. Ba su gama share hawaye ba Hajiya ta ce Inna ta tsufa, Inna ta ce ai gara ita da haƙoranta. Haka suka yi ta yi har muka taho.

An sauke mu a ɗaki mai sanyi, kaurin bangonsa ya kai kamu biyu. Abu na farko da na koya shi ne darajar ruwa. A unguwarsu sai 'yan garuwa sun kawo. Aka ba ni ruwan wanka a ɗan bokitin da a gida na alwala ne, kuma aka ce in tsaya a cikin baho, don ruwan da ya zuba na shukar gidan ne. Hausarsu kuwa tamu ce, sai dai an barbaɗa mata Faransanci kamar yadda muke barbaɗa wa tamu Turanci. Makaranta lakwal suke cewa.

Abinci ma da nasa labarin. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, bayansa da tauri. Inna ta ƙwanƙwasa shi a gefen tire ta ce wa ƙanwarta, “Shekara tara ban zo ba, ki rasa abin ba ni sai burodin bara?” Aka kawo cuku, wato busasshen nono mai faɗi kamar takarda, da soyayyar fara mai yaji, da shayi a 'yan ƙananan kofuna har zagaye uku. Na farko ɗaci, na ɗauka magani ne na shanye da bisimilla. Na uku kuwa har yau ina tuna shi.

Gab da magariba na ji ƙarar babur a ƙofar gida. Sai ga mace ta turo shi ciki, ita ta tuƙo abinta, da hular kwano a kan ɗankwali. Hadiza ce, 'yar Hajiya, ungozoma a wani asibiti a garin. Na saki baki. Duk karatuna ban taɓa haɗuwa da jaruma a kan babur ba. Ta gaida Inna, ta juyo kaina.

“Wannan ce matar Yaya? Kai, an cuce mu. An ce mana kyakkyawa ce.”

“Ke ma an ce mana kina da kunya,” na ce. Daga nan muka ƙulla.

Ta sunkuci ɗanta na fari a gaban uwarta, ta sumbace shi, ta kira sunansa har sau biyu. Inna ta yi salati ta kawar da kai. Sannan Hadiza ta karɓi namu. Ta ɗaga shi, ta taɓa cinyarsa, ta duba idonsa da bakinsa, ta karanta katin. Wasan da ke fuskarta ya ɗauke. Muka ba ta labarin man kifi. Sai ta ce gobe kafin ta tafi aiki tana so ta ga yadda ake ba shi madara.

Da safe Inna ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta jera kayanta. Wannan ne karo na farko da na zauna na kalli haɗin tun daga farko, don a gida da ta ɗauko gwangwani nake barin wurin. Ta wanke fidar tas, ta cika ta da dafaffen ruwa daga fulas har wuya. Ta ɗebo garin madara da cokalin shayi sau biyu ta zuba, ta girgiza. Ta ɗaga kwalbar ta duba ta a hasken rana, ta ɗiga a bayan hannu ta lasa, ta ƙara ɗan ruwa.

“Inna,” in ji Hadiza a hankali, “wannan madara ce ko farau-farau?”

“Ke yarinya, 'ya'ya bakwai na raina. Madara mai kauri ƙulle cikin jariri take yi. Ko nonon saniya sai an tsinka shi. In ruwa ya yi fari ya isa.”

“Ina ɗan cokalin da ke zuwa a cikin gwangwanin?”

“Wannan ɗan abin wasan? Lami mai ƙosai nake ba, tana auna yaji da su. Ta ce sun fi murfin kwalba daidai.”

Hajiya Mariyama ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. Hadiza ba ta yi ba. Ta tambaya ko muna da gwangwanin da ba a fasa ba, na ɗauko wanda muka zo da shi daga gida. Ta buɗe, ta tono ɗan cokalin daga cikin garin, ta juya gwangwanin ta nuna mini bayansa. Zane ne a jere, ko wanda bai yi boko ba zai gane: ruwa zuwa layi kaza, cokali kaza, kowane cokali a shafe bakinsa ba tozo. Ta lissafa abin da kwalbar Inna take bukata. Abin da yaron yake samu bai kai rabin rabi ba.

“Ba ciwo ke damunsa ba, in sha Allah,” ta ce. “Yunwa ce. Cikinsa yana cika da ruwa, ya yi fitsari, ya koma kuka.” Ta juyo gare ni. “Ke matar Yaya, ba ki yi lakwal ba?”

“Na gama sakandare.”

“To me kike karantawa?”

Ku kun sani. Na karanta littattafai sun fi ɗari, na san launin motar kowane jarumi da sunan turarensa. Gwangwanin da ran ɗana yake ciki kuwa ban taɓa juya bayansa ba, don kada a ce na damu da ɗan fari.

Inna ta tashi ta shige ɗaki. Aka kai mata shayi ta ce ba ta sha. Na leƙa na gan ta zaune ta fuskanci bango. Na ji tana cewa, ba da kowa ba, “Wato da hannuna.” Tun da aka kawo ni gidanta ban taɓa jin muryarta ta yi ƙasa haka ba.

Yaron kuma ya soma kuka. Hadiza ta zubar da farau-farau ɗin a gindin shuka, ta miƙo mini fidar da cokalin, ta tura ni cikin ɗakin.

“Ke za ki haɗa, ke za ki ba shi. Ke ce mai karatu.”

“A gaban Inna?” na ce da raɗa. “Ki rufa mini asiri.”

“In kin koma gida a bayan wa za ki yi?”

Na tsaya da kwalba a hannu, yaron yana tsala ihu a hannun Hadiza. Sai Inna ta yi magana, ba ta juyo ba.

“Ni bango nake kallo. Bangon nan yana da kyau, ban gama ganinsa ba. Abin da ake yi a bayana ban sani ba.”

Na durƙusa na zuba ruwa daidai layi. Na ƙirga cokulan ina shafe kowanne da bayan wuƙa mai tsabta, na girgiza. Sannan na karɓi ɗana na ɗora a cinyata ƙiri-ƙiri, da mutane a ɗaki. Ya kama ya sha, ya sha, idonsa a kaina kamar yana tambayar inda na shiga tuntuni. Bai fi nauyin ƙullin daddawar nan ba. Da ya gama ya yi gyatsa, ya yi barcin da bai taɓa yin irinsa ba. Inna ta gaji da bango, sau uku tana zuwa ta kara yatsa a hancinsa ta ji ko yana numfashi.

Duk da haka man bai fita raina ba. Da rana na matsa wa Hajiya ta raka ni kantin magani, muka sha rana muka tarar da shi a rufe. A can da azahar gari yakan kwanta, kantuna da yawa sai la'asar. Da Hadiza ta taso aiki ta ɗauke ni a bayan babur muka koma, na rufe ido tun daga ƙofar gida har muka isa, ina karanto duk addu'ar da na sani.

Ta sa aka sauko da madarar da Hajiya Tabawa take nufi, mai rubutun Faransanci. Ta nuna mini wasu haruffa uku a jiki, DHA.

“Ga man naki. Yanzu duba na jakarki.”

Na zaro gwangwaninmu na Kano. Haruffan nan uku suna nan a gabansa, cikin ruwan zinare, kusa da hoton. Wata huɗu suna ɗakin Inna. Mun ƙetare ƙasa da abin da muka je nema a cikin kayanmu.

“To ƙarya ne ke nan?” na tambaya.

“Ba ƙarya ba ne. Wani irin kitse ne da Allah Ya sa a nonon uwa, kuma yana cikin abin da ake gina ƙwaƙwalwa da ido da shi. Uwa mai cin kifi nata yakan fi yawa. Da nononki yana nan, da kifin Watari zan ce ki ci, shi ke nan. Masu yin madara suna samo shi daga kifi ko wata gansakukar ruwa su zuba, don ta yi kusa da nono. Yana da kyau a same shi.”

“Kuma yana sa yaro ya zama likita?”

Ta yi dariya har mai kantin ya ɗago. “Masu bincike sun bi yaran da suka sha mai man da waɗanda suka sha marar shi. Wasu sun ga ɗan bambanci a ganin jarirai, wasu ba su ga komai ba. Da yaran suka girma kuma, da wuya a ware wannan daga wancan. Abin da ba a gardama a kansa shi ne yaron da bai ƙoshi ba ba ya girma, jiki da kai duka. Man a cikin garin yake. Kun ba shi kwatan gari, kwatan man ya samu. Ki ƙosar da shi, ki yi masa magana, ki yi masa wasa. In ya kai wata shida ki fara ba shi kunu da dakakken kifi da ƙwai.”

Da na kawo wa Inna zancen ƙwai ta ce ƙwai yana sa yaro sata. Hadiza ta ce ita da ƙwai aka raine ta. Inna ta ce, “To wa ya san inda kika samo babur?” A nan na gane ta fara dawowa daidai. Ta kuma rantse ba za ta koma gida hannu biyu ba bayan ta gaya wa duk unguwa abin da ya kai ta, sai da aka sayo mata gwangwani ɗaya na Faransa. Hadiza ta ja mana kunne cewa kowane gwangwani da nasa cokalin, kada a haɗa, kuma in ya fara zawo ko ya ƙi sha, ko layin bai ɗaga ba, mu kai shi asibiti ba jira.

Kwana biyar muka yi. Dawowa ba wani labari, sai tayar da ta fashe mana kafin Daura, muka yi awa biyu a ƙarƙashin wata tsamiya. A nan na haɗa madara a gaban fasinjoji goma sha, Inna tana riƙe mini fulas tana kallon sama.

A gida muka yi tsari. In lokaci ya yi sai Inna ta ajiye shi a kan gadonta ta ce za ta duba awaki, ni kuma in shiga. Awakin gidanmu ba su taɓa ganin kulawa irin ta watan nan ba. Kukan ya ragu. Na ga kamar wuyansa ya fara yin layi, amma ban yarda da idona ba, don idona ya saba ganin abin da babu.

Ranar awo ta zo. Na haɗa 'yan kaya a jaka a ɓoye, ko da za a ce mu wuce babban asibiti. Muka bi layi har aka zo kanmu. Ma'aikaciyar ta rataye shi, yana ta harbin iska. Allurar ta yi rawa, ta wuce inda ta saba tsayawa, ta ƙara gaba, ta tsaya. Matar ta sauke shi ta sake ratayawa don ta tabbatar. Sannan ta ɗiga biro a katin, ta ja layi daga tsohon ɗigon zuwa sabon, layin ya miƙe sama.

“Masha Allah! Ba inda za ku. Inna, me kuka canja?”

Na san amsar da aka shirya, don tun a hanya Inna take maimaita ta: Damagaram, Faransa, man kifin teku. Ta gyara zaman yaron a kafaɗarta.

“Uwarsa ce ke haɗawa yanzu,” ta ce. “Ni hannuna ya cika ruwa.”

Uwarsa. A gaban matan garinmu kaf. Na ja mayafi na rufe fuska, kowa ya ɗauka kunya ce, na bar su a haka.

Muna fitowa muka yi kiciɓis da Hajiya Tabawa da wasu mata a bakin ƙofa, suna tambayar yaya aka yi. Inna ta juya musu yaron su ga kumatu.

“Man Damagaram ne,” ta ce da ƙarfi. “Amma ku ji da kyau, shi man nan ba ya aiki sai da ɗan cokalinsa. Ke Zulai,” ta juyo gare ni, “wuce gaba, ki biya gidan Lami ki karɓo mini cokulana.”